Hannun Dougal

Hannunsa na rawa, kuma ba ya ɓoye shi a aljihu. Dogon tsoho ne cikin koɗaɗɗiyar rigar ruwa, tsaye a filin gasar karnukan farauta. An harbo agwagwa. Baƙar karyarsa ta tsaya cak, tana jiran hannun ya nuna mata inda ta faɗi. Hannun ya nufi dama, rawar ta fizge shi hagu. Hagu ta bi, ta dawo baki wayam tana kaɗa wutsiya.

"Kun fita daga gasar, Dougal," in ji alƙali.

Da gani, karyar nan kaɗai ta rage wa Dougal a gida. Ya miƙa wa 'yan kallo igiyarta.

"Abin da na nuna ta bi. Jama'a, mai lafiyayyen hannu ya karɓe ta. Kada dai a daka mata tsawa."