Marar Lafiyar da Ta Yi Kyau da Yawa

Na daɗe ina kaɗa dalluka, gangar nan da mata ke rungumewa su buga da tafin hannu, a bukukuwan unguwarmu ta Umbadda, amma sau ɗaya aka taɓa gayyata ta tsallaken kogi. Wata ƙungiyar matan manya ce a Khartoum ta shirya wasan kiɗa don tallafa wa yara masu ciwon daji. Sun ji cewa 'yar ƙanwata mai shekara tara tana karɓar magani, sai shugabarsu ta aiko in zo da ganga, in zo da yarinyar.

A lokacin, sauƙi ya fara samuwa. Gashinta ya tsiro, kumatu sun ciko, mu a gida sai godiyar Allah.

Shugabar ta tare mu a bakin zaure, awarwaron zinariya har gwiwar hannu. Ta dubi yarinyar sama da ƙasa.

"Wannan ce marar lafiyar?"

"Ita ce, Hajiya."

"Ai ta yi kyau da yawa. Ba ku da wata?"

Na ce ita kaɗai Allah ya ba mu. Ta sa aka goge kwallin da uwarta ta zizara mata, aka ɗaura mata ɗankwali har gira, aka gargaɗe ta kada ta yi dariya.

Bayan la'asar aka fara jawabai. Wani attajirin kasuwar Suk al-Arabi ya yi magana a kan yaran har ya zubar da hawaye. Ashe mai ɗaukar hoto bai shirya ba, sai bawan Allah ya koma farkon jimlar ya sake kukan.

Da aka zo kaina, shugabar ta raɗa mini in yi mai ban tausayi. Ni kuwa duk waƙoƙina na amare ne. Na ɗauko ɗaya na ja ta a hankali, kamar mai zaman makoki. Baiti biyu na jure, hannuna ya koma ga abin da ya saba. Yarinyar kuwa da kiɗan nan ta tashi tun tana goye, sai ta sauko daga kujerar da aka dasa ta, ta shiga rawa. Ɗankwali ya faɗi. Shugabar tana ta yi mini alama da ido in tsaya, amma mata sun riga sun miƙe da guɗa, suna turereniya wajen akwatin gudunmawa.

A bas, muna kan gada, yarinyar ta ce, "Inna, na ɓata musu taron ne?"

Na ce a'a, ta dai warke ne ba da izininsu ba.

Bayan wata biyu ɗakin yaran a asibiti ya samu firjin ajiye magani da fankoki. A jikin firjin an manna hoton shugabar, babba, har ya rufe mariƙin. Ma'aikatan jinya sai da suka huda kafaɗarta kafin su iya buɗewa.