Kaset ɗin da Ya Zo Babu Hayaniya

A shekarun casa'in, ina karatu a Riyad, labarin gida a kaset yake iso mini. Inna ba ta rubutu, sai a ajiye rakoda a tsakar gida kowa ya faɗi nasa, a ba mai tahowa ya kawo.

Garinmu a bakin iyakar Najeriya da Nijar yake. Firamare ɗaya gare mu, malami ɗaya, shi ne yayana. Duk wanda aka turo daga birni, wata biyu ya tattara ya gudu. Katanga ce kawai tsakanin ajinsa da gidanmu, shi ya sa a kowane kaset, bayan muryar Inna, sai ka ji yara na rera biyu sau biyu. Abin yana ba ni haushi. Har saƙo na aika cewa a riƙa ɗauka ranar da babu makaranta, ni ba ihun 'ya'yan mutane nake kewa ba. Yaya ya amsa yana dariya: "Ustaz, a yi haƙuri da mu. In kana so mu yi shiru, aiko mana da taswirar duniya mu zuba mata ido."

Na zagaye kasuwar Dira har na samo irin mai juyawa kamar ƙwallo. Na ajiye ta sai hutu.

Ana saura mako uku jarrabawa wani kaset ya zo. Inna ta yi magana, kawu ya yi, ƙannena suka yi, kowa ya ce Yaya na gaishe ni. Muryoyin tangaran. Na ce madalla, yau an ji maganata. Sai a sauraro na biyu na ji Inna ta ce, "Yau Talata, da hantsi." Talata da hantsi, kuma babu yaro ko ɗaya.

Na tafi unguwar Murabba wurin wanda ya kawo kaset ɗin, wani dattijon direba ɗan yankinmu.

"Baba, me ya sami yayana?"

Ya sunkuyar da kai. "An ce kada a gaya maka sai ka gama jarrabawa. Motar masu fasa-ƙwaurin fetur ce ta kwashe shi a kan kekensa. Wata biyu ke nan da rasuwarsa. Sai haƙuri, ɗana."

"Makarantar fa?"

"A rufe take. Yaran suna dakon jarkar fetur zuwa tsallaken iyaka."

Na yi kuka, na yi fushi da Inna, daga baya na ji kunyar fushin. Ita ce ta daure ta isar mini da gaisuwar ɗanta da ke kabari.

Shekaru aka yi kafin a samu wani malamin. Yaran nan yanzu magidanta ne, da yawansu da babban yatsa suke sa hannu a takarda. Biyu kuma irin wannan motar ce ajalinsu.

Tsofaffin kaset ɗin suna nan. In na kunna, nakan ƙure murya, in kasa kunne can bayan maganar Inna.