Rabin Tuwon Yaya Habu

Ranar wata Asabar, shekarar da na shiga aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, ina zaune a matakalar benenmu na unguwar La Courneuve a Faransa ina tsinke zogalen da Inna ta sawo a kasuwar Château Rouge. Maƙwabciyarmu Madam Rosa, 'yar Kolombiya, tana goge ɗaki ta kunna kumbiya, kiɗan ƙasarsu mai sa ƙugu motsi. Ni kuwa uwar rawar kai, sai karkaɗa kafaɗa nake. Ta leƙo ta ce da Faransanci, "Yarinya, da kin san abin da mawaƙin yake faɗa, da ba ki yi rawa ba." Wai waƙar ɓarayi biyu ce aminan juna, ɗaya ya nuna ɗaya ga hukuma don ya haɗiye rabon duka. Na yi dariya, don a lokacin ban san amini ba sai Illo.

Illo abokin yayana Habu ne, tare suka tashi. Duk Asabar Inna kan zuba musu tuwo a kwano ɗaya, tana cewa, "Wanda kuka haɗa hannu a kwano ba ya cin amanarka." Mun san suna tsayuwa a ƙofar bene suna sayar da abin da ba a faɗa, amma kowa ya ja bakinsa. Da 'yan sanda suka zo, kai tsaye suka nufi bayan injin wanki inda kayan suke ɓoye, suka tafi da Yaya Habu. Bayan Yaya Habu, mutum ɗaya ne ya san wurin. Inna ta yi kuka ta roƙe shi ya ambaci sunan a rage masa zaman gidan kaso, ya ce shi ba ya tona abokin cin tuwonsa.

Asabar ta zagayo, wallahi sai ga Illo da sallama, cikin sababbin takalma. Inna ba ta korar wanda ya tarar da abinci. Ta ajiye masa kwanon. Ya cinye gefensa, ina kallo, ya miƙa hannu ya cinye gefen Yaya Habu. Ranar na fara sanin ƙiyayya.

Yanzu ina Lyon da 'ya'yana. Yaya Habu ya fito daga gidan kaso da furfura, har yau bai ambaci sunan ba. In na ji kumbiya a bakin kogi, matasa na rawa, sai in tuna yarinyar nan mai zogale da ba ta jin waƙar. 'Ya'yana kuwa, kowa da kwanonsa nake zuba masa.