Tagar Hagu

Jiya jirgin ƙasa ya tare mana hanya a Sabon Gari, sai na tuna kawuna. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. A reluwe ya yi aiki, yana bin jirgi har ya yi ritaya.

Da makarantarmu ta Samaru ta shirya wa malamai yawon buɗe ido a jirgin ƙasa zuwa Kafanchan, ya ce sai ya bi mu, alhali ya riga ya makance. Shugabanmu ya so ya hana, wai me zai gani?

Taragon yana warin tsatsa da ɓawon lemo. Kawu ya ɗora tafinsa a kan kujera. Can ƙarar ƙafafun jirgin ta canza, ya ce, "Gada ke nan. Ku koma tagar hagu, duwatsu sun kusa."

Muka koma, ba komai sai gonakin citta. Wani ya yi dariya. Jirgin na shan kwana, sai ga duwatsun Kagoro can nesa, gajimare kwance a kansu.

"Har yanzu suna nan?" ya tambaye ni.

"Suna nan, Kawu."

"To, madalla."

Allah ya jiƙansa, ya zaunar da shi kusa da taga, ya buɗe masa ido.