Gurbin Musayar da Na Goge

Shekarar da na kama aiki a wata masana'antar roba a Sharaɗa, ji nake duk Kano babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta. Bokitai da butoci ake yi a wurin, ni kuma kula da na'urorin ofis ne aikina. Na tarar da wani shafin intanet na cikin gida wanda ake rubuta zuwan ma'aikata da tashinsu. Wata mata 'yar Kudancin Kaduna ce ta gina shi kafin ta bar aiki, da manhajojin nan na kyauta waɗanda kowa zai iya buɗe cikinsu ya gyara yadda ya ga dama. Mummuna ne wallahi, kamar rigar da ta sha faci, amma yana aikinsa.

Ni kuwa na raina shi. Na sami sabon manajanmu na cika masa kunne, na ce masana'anta kamar tamu ba ta dace da kayan tsintuwa ba, a sayo manhajar kamfani mai lasisi, mai na'urar dangwala yatsa. Abin da ban faɗa masa ba shi ne ƙyuya ce ke damuna. Karanta abin da wata ta rubuta wahala ne, kuma idan na kamfani ya lalace akwai wanda zan ɗora wa laifi. Ya yarda, aka sayo.

Wajen kwashe bayanai daga tsohon rumbu zuwa sabo na ci karo da wani gurbi da matar ta ƙara da hannunta, ta sa masa suna musaya. Sunaye ne bibbiyu a jere, da ranakun Juma'a da Lahadi. Sabuwar manhajar ba ta da inda za a zuba shi, kuma a rufe take ruf, ko waƙafi ba ka isa ka ƙara ba sai masu ita sun yarda. Na yi tsaki, na ce shirmen mata ne, na goge. Sannan na sa hannu a takarda cewa an kwashe komai.

Ashe gurbin nan al'ada ce da ta girme ni a wurin. Injin roba ba a kashe shi da rana tsaka, don robar za ta daskare a ciki. Saboda haka masu injina maƙwabta suke haɗa kai biyu-biyu, Musulmi da Kirista. Ranar Juma'a Kiristan ya riƙe injina biyu har a sauko daga masallaci, ranar Lahadi Musulmin ya riƙe biyu har a taso daga coci. Tsohon shafin ya san da haka, ba ya rubuta wa kowa latti.

Sabon bai sani ba. Mai zuwa masallaci ya riga ya dangwala tun safe, fitarsa ba ta bayyana. Mai zuwa coci kuwa sai ƙarfe sha ɗaya yake dangwalawa, na'ura ta rubuta masa fashi. Kiristocin da suka farga da wuri suka koma zuwa sujadar yamma. Amma akwai wani dattijo mutumin Filato, mai 'ya'ya biyar a Zawaciki, wanda shi ke buɗe cocinsu ya jera kujeru. Ya ci gaba da yadda ya saba, don abokin musayarsa, wani mutumin Maraɗi, yana nan riƙe da injinsa. Da fashin ya taru, manhajar da kanta ta fitar da sunansa cikin waɗanda za a sallama.

Mutumin Maraɗin ne ya tayar da magana. Ya shigo ofishin manaja tare da dattijon, hula a hannu, ya rantse cewa injin nan bai taɓa tsayawa ko minti ɗaya ba, kuma shekara da shekaru haka suke yi da sanin ofis. Manaja baƙo ne, abin da ke rubuce kawai ya yarda da shi. Ya sa aka kira ni, ya tambaye ni a gabansu.

"Malam, a tsohon shafin akwai wani abu mai kama da wannan?"

Na dubi dattijon, na tuna takardar da na sa wa hannu da irin bakin da na yi kafin a sayi manhajar. Kwafin tsohon rumbun yana cikin aljihun teburina a lokacin.

"Ranka ya daɗe, ban ga komai ba," na ce.

Don in rage wa kaina nauyi sai na ce zan rubuta wa masu manhajar su ƙara gurbin. Na rubuta kuwa. Suka amsa da ladabi cewa za su duba a fitowa ta gaba. Kafin nan an ba dattijon takardarsa ta sallama. A tsohon shafin, gyaran nan aikin rabin yini ne, kuma ni na san haka. Kunya ta hana ni bi ta sashen injina, har abinci a ofis nake ci.

Bayan wajen shekara guda na je Dakata karɓo wasu kaya, sai na ji ana kira na daga bayan wata tirela. Dattijon nan ne, ya rame, da buhu a kafaɗa, dako yake yi. Na so in yi kamar ban ji ba, amma ya riga ya sauke buhun ya taho yana goge hannu a wando. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ya ce biyu daga cikin yaransa sun koma ƙauye wurin ƙaninsa, makarantar birni ta gagara. Sai ya kama hannuna da hannayensa biyu.

"Oga, an gaya mini kai kaɗai ka rubuta wasiƙa saboda ni. Har a coci na sa an yi maka addu'a. Allah ya saka."

Ga gaskiyar nan a kan harshena, ga direba yana yi masa tsawa ya zo ya ɗauki buhu. Na ce masa ba komai.