Yayata da Kartun ɗin Kaguwa

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin haƙori. Ita ke riƙe kan yaro idan likita zai cire masa haƙori, ita ke lallashinsa bayan an gama, har yaran suka laƙaba mata Anti Buɗe-Baki. Kukan ɗan kowa ba ya ɗaga mata hankali. Abu ɗaya ne ke fitar da ita daga hayyacinta: wani kartun ɗin Japan na 'yar kaguwa mai kai saƙo tsakanin tsibirai, wanda muka taso muna kallo, kuma har yau ba a daina fitar da shi ba.

A wurinta zangon farko ne kartun, sauran duk shirme. Ta ishi mijinta da zancen, ta ishi likita, ni kam ba a magana. Da 'yarta ta kunna sabon fitowa, sai ta tsaya a bayan kujera da ludayi a hannu tana tsaki.

"Dubi idonta kamar faranti! Da can kaguwar nan in ta yi magana sai jikinka ya yi sanyi. Yanzu sai ihu."

"Mama, don Allah ba na ji," in ji yarinyar.

Abin bai tsaya a gida ba. Ta sa aka nemo mata tsohon zangon, ta kunna a talabijin ɗin ɗakin jira na asibiti. Yaran da ke zama shiru suka koma hawan kujeru. Wata uwa ta tambaya ko talabijin ɗin ne ya lalace, don launin ya koɗe. Likita ya ce ta taimaka ta mayar da sabon.

Ranar hutu ta tara mu a falon Umma, wai yau za a raba gardama. Ta zaɓi kashin da ta yi shekara da shekaru tana ba mu labarinsa, inda kaguwa ke ban kwana da kakarta a bakin teku. Wannan karon da fassara a ƙasan allo.

Muka zuba ido. Kaguwa ta iso bakin teku, tsohuwar ta fito. Ashe ba kakarta ba ce, wata mai shago ce, kuma faɗa suke a kan kwalin da ya jiƙe. Bakinsu kaɗai ke motsi. Gajimare ɗaya ya wuce, ya sake wucewa.

"An taɓa shi!" in ji Yaya. "Wallahi an canza maganar!"

Umma ko ɗago kai ba ta yi ba daga yankan farcenta. "Ba abin da aka canza. A lokacin, da yarensu ake nunawa, babban yayanku ke zama yana fassara muku."

"To ai yana jin yaren."

"Yana jin me? A ina ya koya?"

Nan take Yaya ta kira shi a shagonsa na tayoyi, ta buɗe murya kowa na ji. Ya yi dariya har da tari.

"Ƙanwata, ni fa ko kalma ɗaya ban sani ba. Na lura in labarin ya yi ban tausayi kina yin shiru ki bar mutane su huta, shi ne na ƙirƙiro kakar."

"Amma Yaya, har kuka na yi da ta rasu!"

"Ba ta rasu ba. Shago ta rufe."

Ta katse wayar, ta ɗauki jakarta da 'yarta, ko sallama babu.

Na ɗauka an wuce wurin ke nan. Ina! Bayan kwana biyu ina tsakiyar aiki ta kira ni. Ta sake kallon kashin ita kaɗai, wai ko jiƙaƙƙen kwalin nan an zana shi da natsuwar da 'yan yanzu ba su da ita. Na ce ina da baƙi a ofis. Ta ce ba komai, za ta jira a kan layi.