Izinin da Gwaggo Ta Janye

Gwaggona, yayar mahaifina, shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a ofis, tun zamanin tafireta. Da ta yi ritaya zaman gida ya gagare ta. Ta kama ɗan shago a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule, ta sa tebur da kwamfuta da firinta da benci ɗaya. Sakatariya ake ce mata a layin. Tana buga wasiƙar neman aiki, takardar koke, yarjejeniyar haya, wani lokaci har wasiyya. In tana dukan madannan kwamfuta sai ka ce laifi suka yi mata.

Ba sauri ne ya tara mata jama'a ba, kama baki ne. Mutum zai zauna a bencin nan ya zazzage mata cikinsa, ta buga, ta miƙa masa, maganar ta mutu ke nan. Da yawa kuma ta imel suke turo mata abubuwansu, hoton katin shaida, sakamakon asibiti, ta shirya ta mayar musu.

Wata Talata da hantsi ta kira ni ina bakin aiki a kantin magani. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"'Yar nan, an shiga imel ɗina. Ga saƙo nan, wai wata manhaja ta samu damar shiga akwatina. Ni kuwa ban ba kowa dama ba."

Kafin in iso ta ja ƙofar shago rabi, ta sallami mutum biyu. Baba ya riga ni zuwa, yana tsaye da makullin mota a hannu. Mai gyaran waya kuma ya leƙo da kansa.

"Yaya, ki rufe shi kawai ki buɗe sabo," in ji Baba.

"Masu kutse ne, Mama," in ji mai gyaran waya. "Kawo in goge komai da komai."

Gwaggo ta dube su ta saman tabarau. "In an kwashi takardun mutane, gogewa za ta dawo da su? Ba abin da za a taɓa sai na gane abin da ya faru." Ta juyo gare ni. "Nuna min inda aka rubuta."

Na buɗe mata shafin tsaro na imel ɗin, inda ake jera manhajojin da ke da izini. Guda uku ne. Ta ɗauko rula ta ɗora a fuskar kwamfutar, tana bi layi-layi kamar yadda take duba kuskure a takarda. Ta farko ta karanta wasiƙu ce a wayarta, wannan ta san da ita. Ta biyu kalanda ce, izininta bai wuce ganin ranakun alƙawari ba.

"Wannan ta san iyakarta," in ji Gwaggo.

A ta uku rular ta tsaya. Manhajar ɗaukar hoton takardu ce, kuma ga ranar da aka ba ta izini a gefe: jiya, ƙarfe huɗu da kwata. Gwaggo ta cire tabarau.

"Ni ce," ta ce. "Jiya wani ya zo yana sauri, na sauke ta a waya don in ɗaukar masa takarda. Ta ce in shiga da imel, na danna 'Na yarda' ban karanta ba. Ni, da nake hana mutane sa hannu a abin da ba su karanta ba!"

Na ce mata, "To ai ba kutse ba ne, Gwaggo. Ba ta san kalmar sirrinki ba. Izini kika ba ta, kuma kina iya karɓe abinki."

"Izinin me?"

Muka karanta tare: ganin sunanta, karanta saƙonni, aikawa, da gogewa.

"Ikon Allah! Mai ɗaukar hoto, me ya haɗa ta da karanta wasiƙuna? Ko shugaban ofishinmu bai taɓa buɗe durowata ba."

Na miƙa hannu zan cire, ta buge min shi. Da kanta ta danna wurin janye izini, ta goge manhajar daga wayar. Ta duba saƙonnin da aka aika, babu baƙo. Ta duba na'urorin da suka shiga akwatin, wayarta ce da kwamfutarta kawai. Ta sauya kalmar sirri, mu duka ukun ta sa muka juya baya. Ta kuma sa a riƙa turo mata lamba ta waya duk sanda za a shiga.

Baba ya sauke ajiyar zuciya ya ce shi ke nan, a buɗe shago. Gwaggo kuwa ta jawo waya ta fara neman lambobi.

"Wa za ki kira, Yaya?"

"Masu takardu. Mutum goma sha ɗaya ne ke da abu mai nauyi a ciki."

"Haba Yaya, ki tona wa kanki asiri? Ba abin da ya ɓata fa."

"Ban sani ba ko manhajar ta karanta, ko ba ta karanta ba. Kwana ta yi da izini a hannu. Takardunsu ne, dole su ji daga bakina."

Ina zaune ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ba kwana-kwana, ba neman uzuri. Wata mata ta yi faɗa, ta ce a goge mata nata yanzu-yanzu. Gwaggo ta goge, ta ba ta haƙuri. Sauran godiya suka yi.

Washegari wani tsohon hedimasta, ɗaya daga cikin waɗanda ta kira, ya iso tun kafin ta gama shara. Ya ajiye wayarsa a teburinta.

"Sakatariya, duba min nawa."

Manhaja goma sha bakwai suka tarar, har da wasan haɗa kalmomi da ya manta da shi tun bara. Gwaggo ba ta danna masa ko ɗaya ba. Ta zaunar da shi, ta ce ya karanta kowace da ƙarfi, ya faɗa mata abin da take nema da kuma ko aikinta ya kai ga haka. Mutumin da ya shekara talatin yana sa yara karatu, ga shi yana haɗa baƙi a gaban gwaggona, mai ɗinkin labule tana ta dariya daga bakin ƙofa. Huɗu ya bari. Da zai tafi ya tambaya ko matarsa za ta iya zuwa da tata wayar, Gwaggo ta ce ta zo bayan azahar, lokacin benci ba kowa.